Man Birkin Keken Malam Markus

Asabar, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Malam Markus ya faɗi a gangaren bayan Dodoru da hantsi. Masu yankan gero ne suka tsince shi. An wuce da shi asibiti Birnin Kebbi, yana numfashi amma ba ya magana. Keken kuwa a amalanken shanu aka kawo mini shi, kwance a kan damman gero, domin duk Gwandu an san rumfata, rumfar Ɗalha, kaɗai yake shiga.

Na duba shi sama-sama. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, sirdi ya yage, hular kwanonsa ta tsage an rataye ta a hannun keken. Ban taɓa birki ba. Na jingine shi a lungu na lulluɓa masa buhu.

Faci huɗu yau. An yi yayyafi.

Lahadi, 8 ga Satumba, da hantsi

Babu aiki, bari in rubuta yadda abin ya faro ko hannuna ya sami abin yi.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran keke a wannan rumfa. Shekara biyu da suka wuce wata Asabar mota ta tsaya a gabana da keke ɗaure a bayanta. Mai motar, Malam Markus, mutumin Zuru ne, yana koyar da ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a a Kalgo. Ya ce an gaya masa ni ne mai miƙe ƙafar keke da kunne, ina kaɗa wayar ƙafar in ji sautinta. Na ce an yi masa ƙari, amma ya sauke mu gani.

Da ya sauke, masu shayi suka bar shayi. Keke ne da shokazoba gaba da baya, in ka danna sirdi da hannu sai bayan ya nutse ya taso a hankali. Gangar jikinsa ba ƙarfe ba ce, wai kabon, walda ba ta kama shi. Giya goma sha biyu. Tayoyi masu ƙaya, babu tib a ciki, wani farin ruwa ake zubawa ya riƙa toshe huda da kansa, abin da na ɗauka cin fuska ne ga sana'ata. Sirdin yana sauka ya hau da maɓalli a babban yatsa. Birki kuma na mai ne, da faifai irin na babur. Ya ce sunan irinsa induro, an yi shi don a hau tudu a hankali a gangaro a guje. Daga ƙasar da ya yi karatu ya taho da shi, ya ce ya fi motar da ke ɗauke da shi daraja.

Bawa makanike, maƙwabcin rumfata, ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Keken da babu kariya, ba shi ɗaukar ko buhu guda, mi na amfaninai?"

Malam Markus ya ce, "Ni yake ɗauka, Malam Bawa. Ban kai buhu ba?"

Tun daga ranar kowace Asabar sai ya tsaya. Ya sha fura, ya hau tudu, ya dawo da laka har gira. Yana kirana Injiniya. Ba wanda ya taɓa kirana haka ba da zolaya ba sai shi.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan magariba

Na je dubiya. Ya farfaɗo. Kafaɗar dama ta karye, haƙarƙari uku, wuya a cikin abin tallafi. Yatsun hannun dama ba sa rufuwa duka. Matarsa Esta ta shimfiɗa mini tabarma a baranda, ta ce, "Baba Ɗalha, har ka baro aikinka?"

Mutane cike: malaman jami'a, 'yan cocinsu, ɗalibai. Kowa ya shiga ya fito da magana ɗaya. Musulmi su ce ƙaddara ce, Kirista su ce nufin Allah ne. Ni ma da layi ya zo kaina na ce ƙaddara ce. Bakina bai yi ko gargada ba.

Esta ta ce in riƙe keken a wurina, ba ta son ganinsa.

Talata, 10 ga Satumba, da azahar

Faci shida, gyaran sarƙa ɗaya. Bawa bai leƙo ba.

Laraba, 11 ga Satumba, da walaha

Kwalbar man birkin nan ba ta da gindi mai faɗi. Wannan dai gaskiya ne, kowa ya gan ta zai shaida.

Ran Talata ta ƙarshen Agusta ya bar mini keken zai tafi Zuru. Ƙafar baya in miƙe, sannan birkin baya ya yi laushi in cire masa iska. Ya taɓa nuna mini sau biyu, da sirinji da 'yar tiyo. Ya ba ni kwalbar mansa, ja-ja kamar zoɓon da aka sirka. Ya ce, "Injiniya, wannan kaɗai yake sha. Ko ya roƙe ka wani kada ka ba shi." Muka yi dariya.

Na ajiye ta a kan benci a buɗe. Gwiwar hannuna ce ta ture ta. Ƙasar rumfa ta shanye kafin in sunkuya.

Akwai mutum bakwai ko takwas a zaune suna kallon yadda Ɗalha zai yi wa keken Bature aiki. A cikin shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce wa mai keke ya dawo gobe don ban iya ba. Lambar Malam Markus tana cikin wayata. Bawa ya miƙo gwangwanin man birkin mota daga shagonsa ya ce, "Man birki man birki na, Ɗalha. Wanda ka tsai da tirela shi ka kasa tsai da keke?" Aka yi dariya. Maganar ta yi mini daidai a kunne.

Birkin ya kama kamar sabo. Ya kama har na ji daɗi. Kuma mu a sana'ar nan in mutumin kirki ya kawo aiki ɗaya, sai ka ƙara masa wani bai tambaya ba, kamar yadda mai awo ke ƙara hannu a kan mudu. To, tun da sirinji na hannuna, na yi wa na gaba ma.

Da ya zo ɗauka ya matsa duka biyun ya ce, "Hannunka da albarka." Bai hau shi ba sai bayan kwana goma.

Ban rubuta cewa wannan ne ya jawo komai ba. Na rubuta abin da aka yi ne ran Talata.

Jumma'a, 13 ga Satumba, bayan sallah

Bawa ya tare ni a ƙofar masallaci muna neman takalma. Ya ce, "Ka ji yadda anka ce? Gudu shi kai awa mahaukaci. Masu gero sun ce ko birki bai taka ba."

Na ce birkin keke ba a taka shi.

Ya ce, "To ko mi a kai mai, bai yi ba. Mutum da girmanai, da mata, shina wasa bisa duwatsu. Kak ka ɗaukam ma kanka kayan da ba naka ba." Ya sa takalminsa hagu a dama ya tafi a haka.

Asabar, 14 ga Satumba, da hantsi

Mai fura ta tsaya ta tambaya ko ta dama biyu. Na ce ɗaya.

Litinin, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Na yaye buhun. Na matsa birkin baya, hannun birkin ya tafi har ya taɓa robar mariƙi bai dawo ba. Na matsa na gaba, haka.

Na sauke labulen rumfa na kwance su. Akwai wasu 'yan robobi a ciki, zagayayyu, da ke riƙe mai. Na san girmansu, na gan su a hoto a wayarsa. Waɗannan sun kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, ɗaya ma da na taɓa ta sai ta dagargaje a yatsana. Na jera su a tafin hannu na kalla na ɗan lokaci. Sannan na zagaya baya na watsa su cikin kwata, ruwan jiya yana gudu ya tafi da su. Na wanke komai da kananzir na mayar.

Ban tsaya ko sau ɗaya ba. Na lura da wannan, shi ya sa na rubuta.

Laraba, 18 ga Satumba, da azahar

An sallame shi, yana gida Kalgo. Faci uku.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan magariba

Na je Kalgo. Zulai, matata, ta ba ni ƙwan zabi da zuma in kai. Gidan yana bayan kasuwa, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Na same shi a kujera, hannu a rataye, ya rame. Esta ta kawo tuwon shinkafa ta tsaya a kaina sai da na ci.

Ya ce duk safiyar ranar ta goge a kansa. Bai tuna ya tsaya a rumfata ba, bai tuna hawan tudu ba. Abu ɗaya ya rage masa. Ya ce, "Ina ganin kwanar nan ta bakin kwazazzabo tana tahowa. Yatsuna suna kan birki. Na ce musu su matsa. Injiniya, keken bai ko rage ba."

Na ce, "Allah ya tsare gaba."

Ya ce, "Ka san keken nan kamar yadda na san shi. Birkin gaba daban, na baya daban, kowane da tiyonsa da mansa. Ɗaya zai iya mutuwa. Biyu ba sa mutuwa lokaci guda, kuma kwana goma kafin nan kai ka duba su, na matsa da hannuna na ji. To in ba birki ba ne, saura wa?"

Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya juya shi yana kallo. Ya ce babansa yana da shekara arba'in da shida jikinsa ya shanye a gona, fartanya ta faɗi daga hannunsa bai sani ba. Shi bana arba'in da biyar. Likitoci sun ɗauki hoton kansa sun ce ba su ga komai ba, amma sun ce wani lokaci ƙaramin abu yakan zo ya wuce bai bar sawu ba. Sun ce kada ya tuƙa mota tukuna.

Esta ta ce, "Baba Ɗalha, ka yi masa magana. Tun da muka dawo ba ya yarda ya riƙe ko kofin shayi in akwai mutum kusa da shi."

Na yi masa magana. Na ce ya yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Na ƙara loma biyu don kada ta ji haushi.

Jumma'a, 20 ga Satumba, da safe

Tuwon jiya har yanzu yana nan a ƙirjina.

Lahadi, 22 ga Satumba, da la'asar

Na miƙe ƙafar gaba. Waya huɗu na canza, sauran da kunne. Aiki ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Na juya ta tana tafiya shiru ba ta ko kaɗa kai.

Wani mai kayan miya daga Dalijan ya tsaya ya daɗe yana danna bayan keken. Ya ce, "Ai ga inda ya karye nan, duba yadda shi ka lotsawa. A kai ma mai walda ya ɗaure shi." Na yi masa bayani cewa haka aka yi shi, don in an faɗa rami keken ya sha dukan maimakon ƙugun mutum. Na yi bayanin da kyau, da misali. Ya ce lalle na san keken nan ciki da waje. Na ce haka ne.

Talata, 24 ga Satumba, bayan magariba

Zulai ta ce, "Malam, mi ad damuwarka? Kwana nawa kana mai da kwano da saura."

Na ce zafi ne.

Ta ce, "Zahi cikin damina." Ta kwashe kwanon. Shekara ashirin da shida muna tare, ta san inda ake tsayawa da tambaya, ni kuma yau na so a ce ba ta sani ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, da hantsi

Esta ta yi waya. Za su koma Zuru ran Asabar ta sama, biyar ga wata. Ya rubuta takardar barin aiki. Ya ce aikinsa na kai ɗalibai bakin rami da kan dutse ne, a motar da shi ke tuƙawa, ba zai jira ranar da hannunsa zai sake ƙin ji da 'ya'yan mutane goma sha takwas a bayansa ba. Abokan aikinsa sun yi sun yi, ya ƙi. Takardar tana wurin wani abokinsa Joshua, zai miƙa ta ran Litinin bayan sun tafi, don kada a zo a yi ta lallashi.

Ta ce, "Shekara tara ya yi yana karatun nan a ƙasar sanyi, Baba. Yanzu wai kaji zai je ya kiwata." Ta yi 'yar dariya, sannan kati ya ƙare ko ta kashe.

Faci biyu. Feda ɗaya.

Jumma'a, 27 ga Satumba, bayan magariba

Na koma Kalgo bayan sallah. Na shirya magana tun daga Gwandu, na maimaita ta a mota har mun wuce Birnin Kebbi.

Na same shi da baƙi. Da suka tashi, kowane ya yi abin da ake yi wa mai ƙaura: "Malam, zama tare sai da saɓani, abin da muka yi maka a yafe mu." Shi kuma ya ce, "Ba ku yi mini komai ba, na yafe. Ni ma ku yafe ni." Aka shafa, aka fita.

Sai na ga hanya a buɗe. Na matsa kusa na ce, "Malam Markus, ni ma abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ka yafe mini."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Kai kuma, Injiniya? Na yafe duniya da lahira, in ma akwai."

Na yi godiya. Haka iyayenmu suka yi, haka ake yi wa mai tafiya Makka da mai shiga tiyata da wanda ke kan gargara. Ba a tona komai, ba a kunyata kowa. Na roƙa, an ba ni, a gaban matarsa.

A mota na yi ta jira in ji sauƙi. Mun iso Gwandu ban ji ba.

Asabar, 28 ga Satumba, da azahar

An yafe mini.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Na tsaya wurin Malam Albarka, malaminmu na zaure, bayan karatu, na bari kowa ya watse. Na ce tambaya ce wani ya aiko ni da ita: in mutum ya nemi yafiya a dunƙule bai faɗi laifin ba, aka yafe masa, ta wadatar?

Ya ce malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce ta wadatar, musamman in faɗin zai tayar da fitina. Wasu sun ce in mai haƙƙin da ya san abin ba zai yafe da sauƙi haka ba, to ba a kan abin ya yafe ba. Sannan ya tambaya, "Cutar ta wuce, ko har yanzu tana cin mai haƙƙin?"

Na ce zan tambayi wanda ya aiko ni.

Ya ce, "To ka gaishe shi. Ka ce mai ya riƙa cin abinci, wuyanai duk ya hito."

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Hutu ne, gari shiru. Na lissafa abin da zai biyo baya in an ji. Masu shayi za su ji kafin azahar. Za a ce Ɗalha ya zuba wa keke man tirela ya kusa kashe malamin jami'a. Jikokina za su gaji sunan. Za a ja Bawa ciki, shi kuma yana da bakin da zai fitar da kansa ya bar ni. Esta tana da ƙane ɗan sanda.

Na lissafa ɗaya ɓangaren kuma. Gajere ne: mutum zai zauna a Zuru yana kallon hannunsa.

Robobin sun tafi da ruwa. Ba mai iya nuna komai.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Na gaya wa Bawa ina tunanin faɗa. Ya ajiye sifana ya dube ni.

"Ka roƙi gahwara?"

Na ce na roƙa.

"Ya ba ka?"

Na ce ya ba ni.

"To mi kaka nema kuma? Allah ya ruhe ka, kai kana yaye zane. Kafaɗatai ta koma daidai in ka hwaɗi? Ni dai ban ba ka komi ba. Gwangwani na aje bisa benci, kai kad ɗauka."

Gaskiyarsa ce a kan gwangwanin. Ban ji haushinsa ba, tsoro yake ji, ni ma shi nake ji.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da azahar

Malam Markus ya yi waya da kansa. Ya ce in kawo keken ran Asabar ya gan shi sau ɗaya, sannan in koma da shi, ya ba ni. Ya ce, "Ba wanda ya kula da shi kamarka. Ka sa masa kariya ma in ka ga dama, Bawa ya huta."

Na ce to.

Jumma'a, 4 ga Oktoba, bayan magariba

Na gaya wa Zulai. Duka, har da kwata. Tana tankaɗe, ba ta daina ba sai da garin ya ƙare. Ta ce, "Ƙwan zabin nan da niy yi ta ba ka kana kai musu." Ba ta ƙarasa ba. Can ta ce, "Wace riga za ka sa gobe?"

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Na isa Kalgo da hantsi, keken a saman mota an ɗaure shi da igiya tare da buhunan albasa. Babbar motar kaya tana ƙofar gida, an riga an loda gado da kujeru da firji. Littattafansa a kwalaye sun cika baranda.

Yana zaune ƙarƙashin darbejiya. Na tura keken gabansa. Ya shafa gangar jikin da hannun hagu, ya juya ƙafar gaba ya saurara. Ya ce, "Kai, Injiniya. Kamar ba ta taɓa faɗuwa ba." Ban ga ya kai hannu wurin birki ba. Esta ta fito da ruwa a kofi ta tsaya.

Maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Malam, ba zan karɓi keken nan ba. Manka ya zube ran da ka bar mini shi. Na sa na mota. A baya ka ce in yi, ni na ƙara da na gaba. Na buɗe su bayan ka faɗi, robobin duk sun kumbura sun ruɓe. Na zubar da su a kwata don kada a gani."

A tsaye na faɗa, da hula a kaina. Masu lodi biyu suna riƙe da katifa sun ji komai.

Ya miƙa hannun hagu ya matsa birki, hannun birkin ya tafi har ƙarshe ba abin da ya tare shi. Ya miƙa ya matsa ɗayan. Ya sake. Ya daɗe yana yi.

Ya ce, "Ashe na matsa."

Na ce, "Ka matsa, Malam."

"Duka biyun."

"Duka biyun. Hannunka bai yi komai ba."

Ya ɗora hannun a gwiwa, ya buɗe ya rufe. Sai hawaye. Duk zaman asibiti ban ga ya yi ba, Esta ma ta ce bai yi ba. Ba ya sheshsheƙa, suna zuba ne kawai yana buɗe hannu yana rufewa.

Esta ta ajiye kofin a ƙasa. Ta ce, "Ran da ka zo ya gaya maka maganar babansa, ka riga ka buɗe?"

Na ce na riga.

Ta ce, "Kuma ka ci tuwo, Malam Ɗalha." Tun da na san ta ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba. Ta ɗauki wayarsa daga kan kujera ta shiga gida, na ji tana cewa, "Joshua, kana ina?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya share fuska da gefen riga. Ya dube ni sosai, babu fushi a fuskar, babu murmushi kuma. Ya ce, "Ran nan na yafe maka ban san mene ne ba. Yanzu na sani. Wata ɗaya ka bar ni ina tsoron jikina, Ɗalha. Man ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba." Sannan ya ce, "Ka je gida. Ka bari sai na neme ka."

Na ce to. Na jingine keken a jikin bishiya, ya zame, na gyara shi. Na kama hanyar tasha da ƙafa. Ban kai kwanar kasuwa ba na ji muryar Esta a bayana tana ce wa masu lodi su fara sauke gadon.